A Daina Kiran Yaran Da Dalma Ta Taɓa Da Sunan Gaula

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi tsokaci kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin sunayen da muke laƙaba wa yaran da gubar dalma ta taɓa a nan ƙasar Anka da Bukkuyum.

Masu karatu ba su manta da abin da ya same mu a 2010 ba. Ana kawo dutsen zinariya cikin gida a daka a niƙa, ƙura ta cika tsakar gida, masu rarrafe su sa hannu a ƙasa su kai baki. Sai yaro ya kama amai, ya shiga jijjiga, ya shiɗe. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasunmu suka ce iska ce, har likitocin ƙungiyar MSF suka sa aka auna jini aka gane dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu a Abare, Dareta, Sunke, Bagega, 'Yargalma da sauran ƙauyuka. Allah ya sa masu ceto ne. An kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa (Bagega sai a 2013 aka yi nata), an ba yara maganin da ke fitar da dalma ta fitsari, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha.

To, amma magani dalma yake fitarwa, ba ya mayar da abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Waɗanda suka tsira yau samari ne da 'yan mata, cikinsu har da ɗan ƙanena. Ba ya ji sosai, karatu yana yi masa wuyar zama, wani lokaci kuma ya faɗi yana kumfa. A unguwa gaula ake ce masa, ko dolo. Kakarsa ta dage iska ce, har akuyarta ta sayar ta kai wa mai magani. Da muka kai shi wata makaranta, malamin bai yi sati da shi ba ya ce, "Wanga ba na boko ba ne, ku sa shi kiwo." Takardar da aka ba mu a asibiti kuwa da Turanci take, tana nan cikin leda, ba wanda ya taɓa fassara mana ita.

Ni dai a ganina, sunan da aka ba lalura shi ne ke nuna hanyar da za a bi da yaro. In an ce iska, sai turare da hayaƙi. In an ce gaula, sai bulala ko a watsar da shi. In an ce nakasasshe, wani har ƙoƙon bara zai miƙa masa. Yanzu a rediyo "masu buƙata ta musamman" ake cewa, wanda ba laifi, ya fi daɗin ji, sai dai an tara makaho da kurma da mai farfaɗiya cikin buhu ɗaya an ɗaure baki. Wace buƙatar? Uwa ba ta sani ba, malami bai sani ba. Haka ma galahanga, kowa da abin da yake nufi da ita.

Da za a ce mana yaron ga ƙarancin ji gare shi, ai sai a zaunar da shi sahun gaba, malami ya riƙa fuskantarsa in zai yi magana. In farfaɗiya ce, akwai ƙwayar da ake sha kullum a asibiti, kuma ba a ɗaukarta ta yawu kamar yadda ake tsoratar da yara su guje shi. In jinkirin fahimta ne, a bi shi sannu, a maimaita, a koya masa lissafin kuɗi da sana'a. Ɗan ƙanen nan nawa, da na zaunar da shi a tireda, cikin wata shida ya iya ba da canji ba kuskure. Gaula zai yi haka?

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a ba su ilimi kyauta har sakandare. Akwai makarantunsu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta A. A. Raji a Sakkwato, amma fisabilillahi wane talaka ne zai ɗauki yaro daga Abare ya kai can, ga tsadar mota ga halin da hanya take ciki?

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da ta Ilimi a Gusau da su zauna da malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Maru, su tsayar da suna ɗaya na Hausa ga kowace lalura, da alamominta, da abin da iyaye za su yi. A buga da boko da ajami, a raba wa malaman firamare, limamai, ungozomomi da masu shagunan magani. Ma'aikacin asibiti kuma ya rubuta sunan da Hausa a jikin katin yaro, ya karanta wa uwarsa kafin ta fita.



Daga wani mai tireda,
Abare, Ƙaramar Hukumar Anka,
Jihar Zamfara.