A Kori Lakurawa, Amma Kada A Haɗa Da Talaka

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, babu wanda zai koya mana sharrin Lakurawa. A watan Nuwamba na 2024 suka kore shanun mutanen Mera a ƙasar Augie, mutanen gari suka bi sawu don su ƙwato dukiyarsu, aka kashe musu mutum 15. Ba manya aka binne ran nan ba, talakawa ne irinmu. Saboda haka da Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke a watan Janairu na 2025 cewa ƙungiyar nan ta 'yan ta'adda ce, sai muka ce madalla, ko da yake an makara. Muna so a yaƙe su har su bar mana ƙasarmu.

To, amma akwai magana. Ran 25 ga Disamba 2024 jirgin soja ya tafi farautar Lakurawa a ƙasar Silame, maƙwabtanmu na jihar Sakkwato, wuta ta faɗa wa ƙauyukan Gidan Sama da Rumtuwa, mutum wajen goma suka rasu. Shekara guda kafin wannan, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, an saki bom kan masu taron Mauludi, aka rasa mutum 85 ko fiye, soja kuma suka amsa kuskure ne. Watau talaka ya zama ɗan akuya tsakanin kura da mafarauci, kowa ya kai hannu shi yake samu. Uwar da ta binne ɗanta ba ta tambayar ko harsashin na Gwamnati ne.

Jirgi ba kullum yake zuwa ba. Abin da ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne kame. Mai awon gero ko mai sayar da fetur a kwalba a Kangiwa ko Kamba, baƙo ya zo ya saya ya biya ya tafi. Ina zai san abin da ke cikin zuciyarsa? Gobe wani mai jin haushinsa, wataƙila ma bashi ne tsakaninsu, ya raɗa wa hukuma cewa wane infoma ne. Shi ke nan, sai a nemi mutum a rasa, iyalinsa su yi ta yawo ofis ofis da ƙunshin tuwo. Wannan ne ba mu yarda a yi a ƙasar Kabi ba.

Ku sani, 'yan'uwa, doka tana bayanku. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana guda in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Ko a zargin ta'addanci, dokar 2022 ta ce sai da izinin kotu za a ci gaba da tsare mutum, ba da izinin mai bindiga ba. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda ke hannu don ya amsa laifi. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 kuma ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, kuma kakanninmu sun sha bulalar 'yan doka zamanin En'e kafin a rubuta irinsa.

Wasu za su ce ai lokacin yaƙi ne, a ajiye doka tukuna. Mu tambaye su, ta wace ƙofa Lakurawa suka shigo? A ƙasar Tangaza da Gudu ɓarayin shanu sun addabi mutane, sun yi kuka babu mai ji, sai waɗannan baƙi suka zo da sunan taimako, aka yi musu maraba. Da suka zauna da gindinsu sai suka shiga karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yi wa samari bulala. Rashin adalci ne ya share musu wuri. A Maiduguri ma, a 2009, an kashe Muhammadu Yusuf a hannun 'yan sanda ba tare da shari'a ba, aka ce an gama da Boko Haram. Kowa ya ga irin gamawar da aka yi!

Sa'an nan soja baƙo ne a daji. Masunci da manomin shinkafa a fadama da mai kai kaya kasuwar ƙauye su ne suka san wanda ya ƙetare rafi da dare. In suna tsoron su kai labari a riƙe su, bakinsu zai mutu, soja kuwa ya zama makaho da bindiga.

'Yan banga kuma, mun san sun sayar da ransu domin garuruwansu, mun gode musu. Amma wanda suka kama su miƙa shi ga hukuma da ransa. Kada a tare Bafulatani a kasuwar shanu a ce kamanninsa ne shaida, alhali shi ma an kore masa garke.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da wakilanmu na Majalisa su sa a riƙa bayyana sunan duk wanda aka tsare da wurin da yake, a bar iyalinsa da lauya su gan shi. In kuwa aka kashe marar laifi bisa kuskure, a yi bincike a fili, a faɗi wanda ya ba da umurni, a biya diyya tun marayun ba su watse ba.