Koyon Sinanci a garin da aka gina cikin kwamfuta: ina muka tsaya?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Iyaye daga Tourou da Parakou har Djougou suna yawan tambayarmu hukuncin koyon Sinanci. Ba sai mun jingina da zancen nan na neman ilimi ko da a ƙasar Sin ba, domin malaman hadisi sun raunana shi, Ibnul Jauzi ma ya saka shi cikin ƙagaggu. Hujjarmu ita ce Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, saboda bai amince musu a kan wasiƙunsa ba. Ɗan kasuwarmu da ke sarin kaya a Guangzhou ko Yiwu, yana sa hannu a takardar da tafinta kaɗai ya san abin da ke ciki, ya fi kowa gane wannan.

Tun 2009 akwai Cibiyar Confucius a Jami'ar Abomey-Calavi, amma tsakaninta da Parakou ya kai kusan kilomita 400. Shi ya sa wannan hanyar ta ja hankalinmu. Jami'ar Monash ta Ostireliya ta gina gari sukutum cikin manhajar Second Life: ɗalibi zai shiga da surar mutum, ya zauna a gidan abinci, ya yi oda da Sinanci. In ya yi kuskure babu mai yi masa dariya, sai ya sake. Kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a harshen da karin sauti ke canja ma'ana. Sinanci na da manyan kari 4.

Sai dai garin nan wani ne ya gina shi, kuma abin da ya ga dama shi ya saka. Shin akwai masallaci a ciki? An koya wa yaro yadda zai tambayi abincin halal, ko ya ce ba ya cin alade? Alhali a Sin akwai Musulmi miliyoyi, ga tsohon masallacin Xi'an, har ajaminsu gare su. Ba ma tsammanin za a ambata masa halin da 'yan'uwanmu Uigur ke ciki a Xinjiang.

Ga kuma tsadar data da ɗaukewar wuta, waɗanda ɗan talaka a Tourou zai fara cin karo da su kafin harafin farko. Ra'ayinmu, Jami'ar Parakou da ƙungiyoyinmu su haɗa hannu a buɗe ɗakin kwamfuta guda, da malami zaune a ciki, a riƙa rufe shi lokacin salla. Wallahu a'alam.