Ra'ayinmu: Wa zai koya wa 'ya'yanmu Ingilishi?

Idan dai ba a manta ba, a ranar 26 ga watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan sabon kundin tafiyar da mulkin ƙasarmu, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Jama'a sun yi murna da kashi na farko, kuma sun yi gaskiya. Kashi na biyu kuwa ba mu ji ana tattauna shi sosai a rumfunan kasuwa ba, alhali shi ne zai taɓa aljihun iyaye. Doka tana iya ɗaukaka harshe cikin yini guda, amma yaro ba ya iya harshe sai malami ya tsaya a gabansa shekara da shekaru. Shi ya sa muke tambaya: wa zai koya wa yaron Babankatami, ko yarinyar Karofane da Garhanga, wannan Ingilishi?

Babu mai buƙatar amsar wannan tambaya kamar ɗan kasuwa. Albasar Tamaske da Sabon Gida da Galmi tana sauka a Kumasi da Akra, matasan Adar kuma sun cika Legas da Kano wajen biɗa. Gaskiya ne Hausa tana kai mutum zango, ta sama masa masauki da abokin ciniki. Amma takardar kwastan, da rasit, da yarjejeniyar hayar mota, da saƙon banki da ke shigowa a waya, duk da Ingilishi ake rubuta su a Gana da Najeriya. Wanda bai iya karanta su ba dole ya dangwala yatsa a kan abin da wani ya fassara masa, tafinta kuwa ba ya aikin banza. Haka nan Hajiyar da ta saro kayan gwangwani a Illela tana son ta san ranar lalacewarsu, manomin albasa kuma yana son ya san ma'aunin maganin ƙwarin da ya sayo daga hayin iyaka kafin ya ƙone gonarsa da shi.

Dattawanmu sun san zamanin da wani ɓangare na wannan aiki yake hannun baƙi. A 1961 shugaban Amurka John Kennedy ya kafa ƙungiyar Peace Corps, wadda a nan aka fi sani da Kor-da-la-pe, domin aika matasan ƙasarsa, galibinsu waɗanda ba su daɗe da gama jami'a ba, su yi aikin sa kai na shekara 2 a ƙasashe masu tasowa. A 1962, zamanin shugaba Diori Hamani, rukunin farko na mutum 7 ya iso Nijar, kuma koyar da Ingilishi aka kawo su yi. Daga baya aikinsu ya faɗaɗa zuwa kiwon lafiya da noma da gandun daji. Mutanen Buza shaida ne, domin layukan bedi masu kare iska da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 akwai hannun waɗannan matasa a cikinsu. Jimilla, sama da mutum 3,000 suka yi aiki a ƙasar nan.

Abin lura shi ne ba a sauke su daga jirgi a miƙa musu alli. Sai an tsare su makonni a wurin horo, wanda ya daɗe a garin Hamdallaye kusa da Yamai, an koya musu Hausa ko Zabarmanci, an nuna musu yadda ake gaisuwa da yadda ake zama da mutane. Amurkawa da kansu sun gane cewa haihuwar mutum cikin harshe ba ta mai da shi malami.

To amma baƙo raɓa ne. A watan Janairu na 2011, bayan an sace wasu matasan Faransa 2 a wani gidan abinci a Yamai, ƙungiyar ta kwashe mutanenta 98 cikin 'yan kwanaki, a tsakiyar shekarar karatu, kuma ba ta dawo ba. Makwabtanmu ma sun ga irin wannan. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana kusan miliyan 1 suka bar Najeriya, a cikinsu har da malaman makaranta masu yawa, aka bar azuzuwa babu kowa. Mu ma mun ga yadda aka rufe iyakarmu da Najeriya bayan 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Duk makarantar da ta dogara kacokan ga malamin da ke ƙetaro iyaka, to karatun yaranta yana hannun siyasar da ba ta da iko a kanta.

Yau baƙon malamin Ingilishi ba daga Amurka yake zuwa ba. Matashi ne da ya gama jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Bayero a Kano, ko wata kwalejin horon malamai, ko kuma ɗan Gana, ya nemi aiki a gida bai samu ba, ya tsallako yana neman aji a makarantu masu zaman kansu na biranenmu. Kuɗi ma suna jawo shi: tun bayan faɗuwar naira, a 2024 jika guda ta sefa ta haura naira 2,000, don haka albashin da ɗan ƙasa zai raina yana da auki idan aka canza shi a Ƙonni. Mu a ganinmu wannan baƙo abin maraba ne. Ya fi Ba'amurke sauƙin samu, ya san zafin rana da tuwon gero, kuma idan Basakkwace ne ko Bakatsine, tun ranar farko zai yi wa yaro bayani da Hausa, ya yi magana da uwar yaron ba tare da tafinta ba.

Sai dai akwai abin da ya wajaba iyaye su sani. Jin Ingilishi daban, iya koyar da shi daban. Dukkanmu muna jin Hausa, amma mutum nawa ne a cikinmu za su iya tsayawa gaban yara 70 su koya musu rubuta ta? Matashin da ya karanta ilmin ƙasa ko lissafin kuɗi a jami'a yana iya zuba Ingilishi kamar ruwa, ya kasa sanin inda zai fara da yaron da bai taɓa jin kalma ɗaya ba. Bugu da ƙari, tsarin karatun ba ɗaya ba ne. A Najeriya da Gana da Ingilishi ake koyar da kusan komai tun yaro yana ƙarami, a nan kuwa yaro yana fara shi ne a ajin farko na kolej, 'yan sa'o'i a mako, ya yi shekara 4 sannan ya zauna jarrabawar BEPC. Malamin da bai san abin da ake tambaya a wannan jarrabawa ba yana iya wahalar da yara shekara guda a kan abin da ba zai fito ba.

A nan ne kuɗin iyaye ke shiga haɗari. Mai makaranta yana iya ɗauko duk wanda ya ji yana Ingilishi a tasha, ya rubuta a allon ƙofa cewa makarantarsa mai harshe biyu ce, ya ƙara kuɗin shekara. Uwar da ta tara kuɗin nan da ƙuli-ƙuli da saƙar tabarma tana da haƙƙin ta yi bincike kamar yadda take buɗe buhu ta duba ƙasansa kafin ta biya. Ta tambayi darakta: wace takardar koyarwa malamin nan yake da ita, kuma hukumar ilmi ta gan ta? Ya sa hannu zai kai ƙarshen shekara, ko kuwa zai tafi hutun salla ya ƙi dawowa? Yara nawa makarantar ta kai BEPC bara, nawa suka ci? Ko wadda ba ta yi lakkol ba tana da hanyar gwaji. Bayan wata 3, ta miƙa wa yaron kwalin magani ko saƙon waya, ta ce ya gaya mata da Hausa abin da aka rubuta. Idan shekara ta zagayo yaro bai iya karanta ranar lalacewar kaya ba, to a sake lissafi.

Haka kuma adalci ya hau kanmu game da baƙon. Matashin da ya bar iyayensa ya zo garin da bai san kowa ba amana ne. Idan aka riƙe masa albashi wata biyu, ko aka ɗauke shi da baki kawai babu takarda don a ji daɗin korarsa, kada a yi mamaki in ya sulale a tsakiyar shekara, kuma yaranmu ne za su yi asara. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, a wannan watan kuma aka fito da sabuwar doka a kan shiga da zaman baƙi. Wajibi ne mai makaranta ya taimaki malaminsa ya daidaita takardunsa, ya ba shi yarjejeniya a rubuce, ya biya shi a kan lokaci. Shi ma matashin muna ba shi shawara kada ya fara aiki sai ya ga adadin albashinsa da ranar biya a rubuce.

Duk da haka, zanen aro ba ya rufe katara. Baƙo zai tsaya a Madawa ko Tawa, inda akwai lantarki da masu iya biya. Da wuya ya kai ƙauyukan Babankatami ko Tabotaki. Waɗannan sai ɗan gida. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen Ingilishi, babbar makarantar horon malamai da ke cikinta tana fitar da malaman kolej, a Maraɗi kuma akwai jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013 wadda ake karatu da Ingilishi a cikinta. Matasanmu da suka iya harshen suna nan. Abin da ke hana su zaman ƙauye sananne ne: ƙungiyoyin agaji da kamfanoni suna biyan wanda ya iya Ingilishi fiye da abin da aji ke biya, malamin kwantaragi ko mai bautar ƙasa kuwa idan alawus ɗinsa ya makara ba shi da wanda zai ranta masa a garin da ba nasa ba.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ilmi da ta yi wa baƙon malami abin da aka yi wa Amurkawa a Hamdallaye: a tantance takardunsa, a ba shi horo na 'yan makonni a kan manhajar ƙasarmu kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba, sannan a haɗa shi da malami ɗan ƙasa su yi aiki tare, ta yadda ranar da ya tafi zai bar wani abu a baya. Hanyar hukuma ma a buɗe take. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, kuma tun 1987 Najeriya tana da shirin aika ƙwararrunta, har da malamai, aikin shekara 2 a wasu ƙasashen Afirka. Malamin da ya zo ta wannan ƙofa an san daga inda ya fito, an kuma san wanda za a tambaya idan ya gudu. Kafin komai kuwa, a biya malamanmu na gida a kan lokaci, a ƙara wani abu ga wanda ya yarda ya zauna a karkara.

Ku kuma Alhazai da Hajiyoyin kasuwa, akwai abin da ba sai an jira Yamai ba. Ƙungiyar masu albasa ko ta mata masu adashi tana iya kama wa malamin Ingilishi na garinku ɗaki, ta saya wa aji littattafai, ta kuma biya shi wani abu ya riƙa koya wa yaran shago da 'yan kamasho karatun rasit da lissafin sidi da naira bayan sallar isha'i. Abin da za a kashe a shekara bai kai asarar mota guda ta albasa da ta kwana uku a bakin iyaka saboda takardar da ba a fahimta ba. Hukumomin Buza da Keita da Madawa su ma su sa wannan magana cikin kasafin kuɗinsu, su tambayi kowane kolej da ke ƙasarsu ko yana da malamin Ingilishi a bana, su gaya wa iyaye amsar da suka samu.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.