Daga Filin Wasa: Balogun, Aradun Reluwe

Mutumin Kafanchan ba ya bukatar a gaya masa abin da jirgin ƙasa ya yi wa garinsa. Tun daga 1927 da hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna a can, aka kuma ja reshe zuwa Jos, garin ya cika da ma'aikatan Reluwe daga ko'ina. Abin da aka fi mantawa shi ne, wannan ma'aikata ta yi wa tamaula irin hidimar da ta yi wa fatauci. A zamanin nan ba a san cin abinci da ƙwallo ba. Yaro in ya iya, sai a ba shi aiki da albashi, da la'asar ya fita fili.

Cikin irin waɗannan samari aka sami Teslim Balogun, mutumin Ikko, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Thunder, watau aradu, saboda ƙarfin bugunsa. Ya yi wa ƙungiyar Reluwe ta Ikko wasa, kuma yana cikin 'yan wasa 18 da Nijeriya ta aika Ingila a 1949. Yawancinsu ba takalmi suka shiga fili, sai tsumma da aka naɗe ƙafa da shi, amma duk da haka suka lallasa Marine Crosby da ci 5 da 2 a karon farko. Turawa suka riƙe baki.

Mu nan Arewa muna da rabo a cikinsa, gama ya zauna Jos ya yi wa ƙungiyar garin wasa. A 1951 Jos ta kai wasan ƙarshe na Kofin Gwamna, ta sha kaye a hannun Reluwe ɗin nan da ya baro. Shekara ta zagayo, yana Pan Bank, shi kaɗai ya jefa uku ran da suka ci Warri 6 da 1.

To, a 1955 ya tafi Ingila neman abinci da ƙafarsa. Ba shi ne na fari ba, don Titus Okere, shi ma ɗan Reluwe, ya riga shi zuwa Swindon a 1953. A nan ne labarin yake da ɗaci. Mutumin da in ya taɓa ƙwallo a Ikko fili ke girgiza, sai ga shi a Peterborough ba a san darajarsa ba, har ya gangara ƙaramar ƙungiyar Skegness. A 1956 Queens Park Rangers ta ɗauke shi, ya yi mata wasa 13 a gasar, ya ci 3. A ganina wannan lissafi bai auna gwanintarsa ba. Sanyi da taɓo da baƙunci sun isa su rage wa aradu ƙara, balle a zamanin da baƙar fata a filin Ingila abin nuni ne da yatsa. Iyayen da ke sayar da gona a Kagoro ko Zonkwa don wani dillali ya kai musu yaro Turai, ya kamata su san ko Balogun bai same ta a ɓagas ba.

Amma bai komo hannu rabbana ba. Ya yi karatun horar da 'yan wasa ya sami takarda, ya dawo gida ya shiga koyarwa, har yana cikin masu kula da 'yan wasanmu a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko, inda aka tashi 3 da 3 da Burazil. Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972. Sai a 2007 aka buɗe filin wasan da ke ɗauke da sunansa a Surulere.