Bayan Buhun Shinkafa: Abin da 'Yan Gudun Hijira Ke Nema a Wajen 'Yan Agajin Jega

Watannin baya, a bakin tashar mota ta Jega, na tarar da wata dattijuwa tana tsintar albasar da ke zubewa daga buhunan da ake lodawa. Yara uku na biye da ita. Da na gaishe ta na ce, "Inna, daga ina?" sai ta ce daga wajen Wasagu suka fito, shekara biyu ke nan. Na tambaye ta ko an taɓa ba su taimako. Ta ce, "Ɗana, an ba mu shinkafa har sau biyu, Allah ya saka. Damuwata yaron nan ne." Ta nuna babban jikanta mai kamar shekara goma sha biyu. An kai shi wata makaranta, aka nemi takardar haihuwa da ta canjin makaranta, su kuwa takardunsu sun ƙone tare da ɗakinsu. Daga nan maganar karatu ta mutu. Kafin mu rabu ta ƙara da wata magana ƙasa-ƙasa: mai gidan da ya ba su ɗaki ya fara zancen yayar yaron, alhali ana bin su kuɗin haya na wata biyar.

Tun ranar nake juya wannan hira a raina, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: aikin sa kai da muke yi wa 'yan gudun hijira a Jega da Aliero da Maiyama ya tsaya a kan ciyarwa, alhali mafi yawan abin da ke cutar da su bayan sun tsira da ransu matsala ce ta kariya. Wannan kuwa aiki ne da ɗan gari ya fi kowa iya yi.

Ya kamata mu fara tuna asalinmu. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suka kwashe mutane. Kuɓutar da waɗannan kamammu da jama'ar Shehu suka yi a kusa da Degel na cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan saɓanin Abdussalami da Muhammadu Bello ya ƙare da faɗuwar Kware a 1818, ɗansa Buhari ya tattara sauran jama'ar mahaifinsa ya kafa Jega a wajajen 1820, a ƙarƙashin Gwandu. Ke nan Gimbanawan da suka gina wannan gari mutane ne da aka tarwatsa sau biyu, suka sami wurin zama, suka mayar da shi kasuwar da ta yi suna a ƙasar Hausa. Duk ɗan Jega da ke kallon baƙon da ya gudo daga Danko-Wasagu ko Sakaba a matsayin kaya, ya manta da tarihin kakanninsa.

Yau ma hanya ce ke kawo mutane. Jega na kan mahaɗar titunan Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, ga kasuwa, ga fadamar Gulbin Zamfara, ga aikin albasa a Aliero. Wanda ya rasa gona yakan nufi inda zai sami aikin yini. Abin da ke koro su kuwa sananne ne. A watan Yunin 2021 aka sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. A watan Nuwamban 2024 Lakurawa suka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie. Ambaliyar 2020 ita ma ta cinye gonakin shinkafa ta rusa gidaje a sassan jihar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar iyalai a kan titi, kuma akasarinsu ba sansani suke tafiya ba. Gidajen dangi suke shiga, ko kangwaye, ko shagunan da ba a gama ginawa ba. Shi ya sa ba a ganinsu, kuma wanda ba a gani ba a lissafa shi.

A nan akwai wani bambanci na doka da ya kamata mai karatu ya riƙe. Hausa na kiran kowa ɗan gudun hijira, amma a dokar duniya wanda ya ƙetare iyakar ƙasa ne ke samun kariyar Yarjejeniyar 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969. Dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina da suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019 sun shiga wannan sahu: hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta yi musu rajista, aka kuma mayar da wasu ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Dattijuwar da na gani a tasha ba ta fita daga jiharta ba ma, don haka nauyinta na kan gwamnatin Najeriya. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 a shekarar 2012, ta kuma samar da manufar ƙasa kan waɗanda aka raba da muhallansu a 2021. Akwai hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa tun 1989, akwai NEMA tun 1999, jiha kuma na da tata hukumar agajin gaggawa. Sai dai babban shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya shafe shekaru yana mai da hankali kan Borno da Adamawa da Yobe. Arewa maso yamma ta zauna a gefe. A aikace, wanda mai gudun hijira ke fara cin karo da shi a Jega shi ne ɗan kamasho a tasha, sai mai unguwa, sai limami, sai ɗan agaji.

'Yan agajin kuwa muna da su. Rundunonin agaji na Izala da Fityanul Islam da Jama'atu Nasril Islam suna da inifom da horo da shugabanci har matakin unguwa. Akwai Red Cross, wadda dokar 1960 ta kafa, akwai ƙungiyoyin mata da na ɗalibai a jami'ar Aliero. Su ne ke tsare sahu a filin idi, su ɗauki gawa bayan haɗarin mota, su raba abinci da azumi. Abin da ba a koya musu ba shi ne aikin da ba ya fitowa a hoto.

Na farko a cikin wannan aiki shi ne rubuta suna. Littafi guda a hannun mai unguwa da ɗan agaji, mai ɗauke da sunan magidanci, garin da ya fito, yawan yara da shekarunsu, da wanda ya ba su masauki, ya isa ya canza yadda ake rabon taimako. Amma littafin amana ne. Bai kamata a saka shi a WhatsApp ba, ko a miƙa wa ɗan siyasa, domin a cikin waɗanda suka gudo akwai masu tsoron a san inda suke.

Na biyu shi ne takardu. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, lambar shaidar ɗan ƙasa kuma yanzu sai da ita ake riƙe layin waya ko rubuta jarrabawar JAMB. Matashi ɗaya da ya san ofis, ya ware rana ɗaya a mako yana raka iyalai, zai mayar da yara aji fiye da yadda tirelar shinkafa za ta yi. Shugaban makarantar da zai sallami tsohuwa baƙuwa a bakin ƙofa, da wuya ya sallami ɗan agajin unguwarsa da ya zo da wasiƙar mai gari.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne tsayawa tsakanin baƙo da mai son cin zalinsa: mai gonar da ke rage wa baƙi kuɗin ƙwadago don ya san ba su da wurin kai ƙara, da mai gidan da ke son karɓar yarinya a madadin haya. Irin wannan magana mace ba za ta faɗa wa namiji mai inifom ba. Dole a sami mata a cikin aikin, malaman Islamiyya da ungozomomi da ma'aikatan asibiti, waɗanda suka san inda za a kai yarinyar da aka ci zarafinta ba tare da labarin ya zaga gari ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Ana tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto su saje da baƙi, kuma hakan ya faru a wurare. Amma baƙon da aka rubuta sunansa, aka san mai masaukinsa, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda ya kwana a kango ba wanda ya sani. Kuma sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar. Wasu kuma za su ce kyautata musu zai hana su komawa gida. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, to amma wannan baƙon gonarsa na hannun ɗan bindiga, kuma yaron da ya shekara biyu ba aji ba zai jira zaman lafiya kafin ya girma ba.

Shi ma ɗan agajin yana buƙatar kariya. A Rann, a watan Janairun 2017, ma'aikatan Red Cross shida na cikin waɗanda bam ɗin jirgin soja ya kashe a sansanin 'yan gudun hijira. Jega ba Rann ba ce, amma darasin na nan: a ba shi horo da katin shaida, a san wanda zai kira idan abu ya fi ƙarfinsa, kuma kada a haɗa aikinsa da na sintiri. Kalmar "sa kai" a yau ta koma nufin mai ɗauke da bindiga, kuma ranar da baƙi suka fara ɗaukar mai littafi a matsayin ɗan leƙen asiri, za su daina faɗin gaskiya.

Ga masu karanta wannan, lauyoyi da malamai da likitoci da ma'aikatan gwamnati 'yan asalin yankin, gudummawar da ta fi tasiri ita ce sana'arku. Lauya ya zauna da 'yan agaji ya bayyana musu haƙƙin ɗan haya. Malami ya nemo wa yara biyar gurbi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya matsa a buɗe littafin rajista a kowace gunduma. Na koma tashar sau biyu ban sake ganin dattijuwar ba, kuma da yake babu inda aka rubuta sunanta, ba wanda ya iya faɗa mini inda ta nufa da jikokinta.