Ra'ayinmu: A toshe kafa tun ɓarawo bai shigo ba

Ranar 25 ga watan Janairu na shekara ta 2003, wata ƙwayar cutar na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka raɗa wa suna Slammer ta bazu a duniya. Cikin minti 10 ta kama na'urori wajen 75.000 masu aiki da SQL Server 2000, manhajar ajiyar bayanai ta kamfanin Microsoft. A Koriya ta Kudu intanet ta tsaya cik har sa'o'i da dama. A Amurka, mafi yawan injinan cire kuɗi 13.000 na Bank of America suka ƙi aiki.

Kafar kuwa ƴar ƙarama ce. Manhajar tana karɓar saƙo ta ƙofa mai lamba 1434 ba tare da ta auna tsawonsa ba. Sai aka tura mata saƙon da ya wuce ƙa'ida, ya mamaye ta, ya sa ta yaɗa cutar ga wasu na'urori.

Abin takaici shi ne, tun watan Yuli na 2002 Microsoft ya fiddo gyaran wannan kafa, kuma kyauta. Wata shida ke nan gyaran yana ajiye, masu kula da na'urorin ba su ɗora shi ba. Alhali duk ranar da kamfani ya bayyana gyara, ranar ne ɓarayi ma suke sanin inda kafar take.

Ma'aikatan na'ura kan ce suna gudun kada sabon gyara ya tsayar da aiki. Suna da hujja. To amma maganin shi ne a kwafe bayanai a adana, a gwada gyaran bisa wata na'ura, sannan a ɗora shi ba da jinkiri ba. Manhajar da aka daina yi wa gyara na yau da kullum, kamar SQL Server 2014 tun Yulin 2024, sai a sake ta.

A nan Nijar, ajiyar talaka a banki, lambar wayarsa da albashin ma'aikaci duk cikin irin waɗannan rumbuna suke. Tun 2017 ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan jama'a, amma doka ba ta toshe kafa da kanta. Muna kira ga magabatan ma'aikatu, bankuna da kamfanonin waya, daga Yamai har Damagaram, da su ware kuɗi da lokaci don wannan aiki, su kuma riƙa bin sawunsa kowane wata. Bayanan nan amanar jama'a ce a hannunsu.