Yaron da ya san mafarki yake yi

Yau siyasa za ta ɗan huta a wannan fili, domin wata magana ta cikin gida ta tsaya mini a rai, kuma ina kyautata zaton ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Mako biyu da suka wuce ƙanwata ta zo da ɗanta mai shekara tara, fuskarta babu walwala. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya, yaron nan yana faɗin wata magana da ta hana ni sukuni. Wai in yana mafarki yakan san mafarki yake yi, har in ya ga dama ya tashi sama kamar shirwa." Wata maƙwabciyarta ta riga ta yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne suka shafe shi, ta kwatanta mata gidan mai magani, ta faɗa mata kuɗin hayaƙi. Na kira yaron na zaunar da shi kusa da ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba kullum ba ne. Sai in karen nan ya biyo ni." Ashe wata da watanni ke nan wani baƙin kare yake bin sa a cikin barci, babu wanda ya sani, domin babu wanda ya taɓa tambayarsa. Abin da ya tayar wa uwar hankali shi ne dabarar da yaron ya samo wa kansa don ya kuɓuta.

Na gane maganarsa nan take, saboda ni ma na bi ta wannan hanya. Ina ɗan shekara goma, wani bijimi da mahauta ke ja zuwa mayanka, igiya gaba igiya baya, ya fizge ya faɗo lungunmu. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane, amma daga ranar bijimin ya tare a cikin barcina. In na tashi gudu ƙafafuna su yi nauyi kamar na shiga taɓo, in na buɗe baki ihu ya ƙi fita. Wani dare na yi mafarkin ina zaune a aji, na dubi kwanan watan da malaminmu ya saba rubutawa a kusurwar allo, na kau da kai, na sake dubawa, sai na ga lambobin sun canja. Na sake dubawa, sun koma wasu ƙananan abubuwa masu tafiya kamar tururuwa. A nan zuciyata ta ce mini alli ba ya tafiya, wannan mafarki ne. Da bijimin ya leƙo ta ƙofar aji sai na tsaya ina kallonsa, murna ta cika ni har ta farkar da ni. Daga nan na ɗauki wata al'ada: duk rubutun da na gani da rana sai na dube shi sau biyu. Al'adar ta bi ni cikin barci, bijimin kuwa bai ƙara samun galaba a kaina ba. Sai da na girma na karanta cewa masu bincike kan barci suna koyar da wannan dabara ta duba rubutu sau biyu, domin da wuya rubutu ya tsaya yadda yake a mafarki.

Abin ba sabo ba ne. Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce masanin nan na Girka, Aristotil, ya lura cewa mai barci yakan ji wani abu a ransa yana gaya masa cewa abin da yake gani mafarki ne. Amma mutumin da ya fara bin diddigin lamarin dare bayan dare yaro ne. Sunansa Hervey de Saint-Denys, an haife shi a Faransa a 1822. Yana ɗan shekara 13, ana koyar da shi karatu a gida, kaɗaici ya sa ya soma zana abin da ya gani a mafarki yana rubuta bayaninsa. Ya cika littattafai 22 da labarin darare 1,946. Abin da ya fara lura da shi shi ne yawan rubutawa yana ƙara yawan tunawa. Bayan watanni yana wannan hidima sai ya fara sanin kansa a tsakiyar mafarki, da farko jefi-jefi, daga baya kusan kowane dare. A 1867 ya wallafa littafi kan mafarkai da hanyoyin sarrafa su, bai ma sa sunansa a kai ba. Mutumin nan bai haukace ba, bai kuma zama boka ba. Ya rayu shekara saba'in, ya zama shehin malamin harshen Sin a babbar kwalejin Faransa da ke Paris.

A 1913 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa wa abin sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau, wanda ma'anarsa ta yi kusa da mafarki garau. Mu a nan bari mu kira shi mafarkin sane. Shekaru da dama masana kimiyya suna ɗaukar batun a matsayin tatsuniya. Hujjarsu ita ce mai barci ba ya da shaida, wataƙila farkawa yake yi na ɗan lokaci ya zaci yana barci. Amsar ta fito daga idanu. A 1953 masu bincike biyu a Jami'ar Shikago, Aserinsky da Kleitman, suka bayyana cewa akwai wani zango na barci da ƙwayar ido ke kai-kawo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma a zangon ne aka fi yin mafarki mai tsawo. Wanda Aserinsky ya fara gwada na'urarsa a kansa ɗansa ne mai shekara takwas. A wannan zango ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mai mafarkin gudu ya tashi da gudu, ta bar numfashi da idanu suna aiki. Wannan ɗauri ne, in mutum ya farka kafin ya sake shi, muke kira dannau.

To, tunda idanu ba a ɗaure suke ba, ana iya aiko saƙo da su. A watan Afrilun 1975, a Jami'ar Hull da ke Ingila, Keith Hearne ya yi alƙawari da wani mai mafarkin sane cewa in ya gane yana mafarki zai juya idanunsa hagu da dama sau da yawa a jere. Na'ura ta nuna mutumin yana cikin barci sosai, sai ga alamar ta fito a kan takarda. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi irin wannan gwaji ba tare da sanin na Hearne ba, ya wallafa sakamakonsa a 1981. A 2021 ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka ƙara gaba: suka yi wa masu barci 36 tambayoyi, ciki har da lissafi mai sauƙi irin takwas a cire shida, wasunsu suka ba da amsa daidai da motsin ido suna tsakiyar mafarki.

Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne binciken da Ursula Voss da abokan aikinta suka wallafa a 2012. Sun tattauna da ɗalibai 694 a Jamus, 'yan shekara 6 zuwa 19, suka samu fiye da rabinsu sun taɓa yin mafarkin sane. Abin ya fi yawa a ƙananan yara, yana raguwa wajen shekara 16. Masu binciken sun danganta haka da yadda ƙwaƙwalwar yaro ke cikin girma, musamman sashenta na gaba mai kula da tunani da sanin kai. Ko a tsakanin manya, wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru hamsin ya nuna kusan kashi 55 cikin 100 sun taɓa yin sa ko da sau ɗaya. In haka ne, a kowane aji na firamare akwai irin ɗan ƙanwata da dama. Bambancinsa da su shi ne ya buɗe baki ya faɗa.

Na san mai karatu zai tambayi matsayin abin a addini, domin mu mutane ne masu girmama mafarki, kuma da wuya ka rasa littafin fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin a wurin masu sayar da littattafai na bakin masallaci. Hadisi ingantacce ya kasa mafarki gida uku: na bushara daga Allah, na baƙin ciki da tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa. A fahimtata, mafarkin da mutum ya sani kuma yake juya akalarsa da kansa ya fi kusa da kashi na uku. Don haka ba abin kai wa mai fassara ba ne, ba alamar walittaka ba ce, ba kuma shafar aljanu ba ce. Balle a kafa hujja da shi a kan wani. Mun sha jin an ɗora wa tsohuwa maita don kawai yaro mai zazzaɓi ya gan ta a barci ya kira sunanta. Koyarwar Sunna ga wanda ya ga mummunan mafarki, wato neman tsari da tofi sau uku ta hagu da sauya kwanciya, tana nan daram, haka ma Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin barci. An kuma hana yaɗa mummunan mafarki, amma ban ɗauki yaron da ya kai kukansa ga mahaifiyarsa a matsayin mai yaɗawa ba. Mara lafiya ne ya faɗi inda ke masa ciwo.

Amfanin abin a wajen yara yana ga mugun mafarki mai maimaita kansa. Likitocin barci suna da wata hanya mai sauƙi: da rana tsaka, hankali kwance, a sa mutum ya sake tsara mafarkin da ke damunsa, ya ba shi ƙarshen da yake so, ya riƙa maimaita sabon tsarin a zuci na 'yan mintuna kowace rana. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa wannan hanya a gaba wajen maganin mugun mafarki ga manya, ta kuma ambaci mafarkin sane cikin hanyoyin da za a iya gwadawa. Ba ta buƙatar allura ko kuɗin mota, kuma yaro ya fi babba saurin shiga irin wannan wasa.

Sai dai akwai iyaka. Karen ɗan ƙanwata da bijimina ƙananan abubuwa ne. Yaron da aka tasa ƙauyensu da dare a Zamfara ko Katsina ko Borno, wanda ya ga abin da bai kamata ido ya gani ba, mafarkinsa tuni ne na abin da ya auku. In ka ce masa ya tsaya ya fuskanci mai bin sa, kana iya fama masa miki. Akwai ma wanda yakan san mafarki yake yi amma ya kasa juya shi ya kasa farkawa, wannan ya fi rashin sanin ciwo. Irin waɗannan yara likita suke buƙata, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware ba na waɗanda suka tuɓe riga kaɗai ba ne. Haka yaron da ya kasa bambance mafarki da farke bayan gari ya waye, ko yake jin muryoyi ido biyu, ko barci ke kayar da shi da rana ba shiri.

Wani abin da nake tsoro shi ne wayar hannu. Intanet cike take da masu koyar da mafarkin sane, kuma dabarar da suka fi tallatawa ita ce a saita ƙararrawa ta tashi mutum bayan awa biyar, ya zauna ido biyu na wani lokaci, sannan ya koma barci. Wasu har ƙwaya suke ba da shawarar a sha, maganin da aka yi domin tsofaffi masu ciwon mantuwa. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Yaronmu da zai tashi da asuba, ya tafi boko, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya yi aikin gida cikin zafi da sauro da rashin wuta, bai ma sami wannan adadin ba, balle a gutsure masa. Ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa yaro koyon abin ba. Wanda ya zo masa da kansa a bar shi da abinsa, wanda mugun mafarki ya addaba a nuna masa hanya da rana, a bar masa darensa.

Abin da na gaya wa ƙanwata bai wuce uku ba. Ta bar zancen hayaƙi. Ta ci gaba da yi masa addu'ar barci kamar yadda ta saba. Da safe kuma, wajen shan koko, ta tambaye shi abin da ya gani, ta saurara ba tare da salati ko dariya ba. Shi kuma na saya masa ɗan littafi da fensir, na tambaye shi, in karen ya dawo, ban da tashi sama me zai so ya yi. Ya yi shiru can ya ce ai wataƙila yunwa karen yake ji. Muka tsaya a kan zai jefa masa ƙosai, ya zana hoton haka a shafin farko.

Shekaranjiya da daddare uwar ta kira ni a waya ta miƙa masa. Ya ce, "Kawu, ya zo. Na jefa masa, ya ci." Na ce to sai ya tafi? Ya ce a'a, yana nan zaune a bakin zaure yana kaɗa wutsiya, kuma shi yanzu tunanin da yake yi shi ne sunan da zai sa masa.